Neman mashayar lungu a Burusel

Wanda ya sauka a Burusel, babban birnin Beljiyam, ya ce yana cigiyar inda ake sayar da giya, dariya za a yi masa, don kusan kowace kusurwa da mashayarta. Aikin yana wajen samun wadda mai ita ya san abin da yake zuba maka, wadda kuma ba wani katafaren kamfani ne ya tsara masa abin da zai sayar ba. Irin waɗannan ba a kan babban titi suke ba, ba su da yaro a ƙofa mai kiran masu wucewa, wasunsu ma sai ka gifta ƙofarsu ba ka san ka gifta ba.

Na san yawancin masu karanta Hausa ba sa sha, addini ya hana su, kuma ban rubuta wannan don in kwaɗaita wa kowa ba. Ni a gidan Kirista na tashi, a wani ƙauye kusa da Jos, inda Hausa ce harshen kasuwa da na coci, kuma kakata ta wajen uwa da sana'ar burkutu ta biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta. Shi ya sa in na je baƙon gari nakan so in ga yadda mutanensa ke dafa nasu, da irin ɗakunan da suke zama su sha. Taron aiki ne ya kai ni Burusel a watan Nuwamba, lokacin da duhu ke rufe gari tun wajen ƙarfe biyar na yamma, ga yayyafi ba ya yankewa. In aka tashi daga taro, abokan aiki su nufi otal, ni kuma in ɗaura mayafin wuya in shiga gari.

Kowane baƙo daga Grand-Place yake farawa, dandalin tsakiyar birni mai gine-gine da aka yi wa ado da ruwan zinare. A watan Agustan 1695 sojojin Faransa suka yi wa wurin luguden igwa, kusan komai ya ƙone, sai ƙungiyoyin masu sana'a suka sake gina gidajensu cikin 'yan shekaru. Ɗaya daga cikin gidajen na ƙungiyar masu dafa giya ne, ga mutum-mutumin wani mahayin doki a ƙololuwarsa. Sana'ar da ta samu gida a dandalin nan, daura da fadar magajin gari, ba ƙaramar sana'a ba ce a idon mutanen ƙasar. A 2016 UNESCO ta saka al'adar giyar Beljiyam cikin jerin al'adun da duniya ke adanawa, a 2023 kuma aka buɗe gidan baje kolin giya a tsohon ginin kasuwar hannun jari, 'yar tafiya kaɗan daga dandalin.

A kewayen nan ne mashayun da kowane littafin yawon buɗe ido ke ambata suke. Wadda ta fi suna ita ce Delirium Café, wadda ta shiga kundin Guinness a 2004 da nau'in giya 2,004. Na leƙa don gani ya kori ji. Cike take da samari da 'yan mata daga kowace ƙasa, kuma suna jin daɗinsu, sai dai ba ita na fito nema ba. A wata mashayar daban, can kusa da titin masu sayar da abinci, na ga ana kawo wa baƙi giya cikin gilashin da ya kusa kai damtse tsawo, suna ɗaukar hoto da shi. Na tambayi mai hidimar wurin wace ce ya fi so cikin jerin da ya miƙo mini, ya ɗaga kafaɗa ya nuna mini mafi tsada. Ban zauna ba.

Abu na farko da na koya shi ne karanta allon da ke saman ƙofa. Mashayu da yawa a Beljiyam suna da yarjejeniya da manyan kamfanoni: kamfani ya ba ka famfo da firiji da kujeru, wani lokaci ma ginin nasa ne, kai kuma ka sayar da kayansa. In ka ga Jupiler ko Stella Artois ko Leffe a allon, kayan AB InBev ne, mai hedikwata a Leuven, wanda shi ne dai ke da Hero da Trophy a wajenmu. In ka ga Maes ko Affligem, na Heineken ne, babban mai hannun jari a kamfanin da ke yin Star da Gulder. Ba aibi ba ne, wasu irin waɗannan wurare ma sun fi ko'ina daɗin zama, amma jerin nasu mai tsawo sau da yawa gida ɗaya ne da sunaye daban-daban. Wanda ya tsallaka teku don ya ɗanɗani abin da babu a gida, sai ya nemi ƙofar da ba ta ɗauke da irin wannan allo.

Baƙo ko da ido makaho ne, ni kuwa ɗan jagorana mutum ne da bai taɓa kai giya bakinsa ba. Wani abokin aiki ne ya haɗa ni da shi, dattijo ɗan Maraɗi, ya daɗe yana tuƙin tasi a birnin. Da na faɗa masa abin da nake nema, cikin jin nauyi, sai ya kwashe da dariya.

Ya ce, "Ƙanena, ni ban taɓa ɗanɗanawa ba, kuma ba da furfura zan fara ba. Amma na san ƙofofin da nake ɗaukar mutane da dare suna tafiya da ƙafafunsu suna hira, na kuma san waɗanda nake ɗaukar su ana rirriƙe da su. Wace kake so?"

Na ce, "Ta farkon, Yaya."

Ya ce, "To ajiye wayar nan, ba ta san lungu ba."

Tsohon Burusel cike yake da lungunan da ba sa ɓullewa, inda a da talakawa ke cunkushe a bayan manyan gidaje. An rushe yawancinsu, amma 'yan kaɗan sun tsira a tsakiyar gari, kuma a ƙarshen wasunsu mashaya ce. A kan Rue du Marché aux Herbes, titin da dubban mutane ke bi kullum, Yaya ya tsaya a gaban wata 'yar ƙofa mai baka, wadda na ɗauka hanyar shiga gidan wani ce. Muka kutsa, ni a baya, don mutum biyu ba sa jerawa. A can ciki Au Bon Vieux Temps take, ginin da aka ce na 1695 ne, shekarar gobarar nan. Katako baƙi ƙirin saboda tsufa, tagogi masu gilashi kala-kala irin na coci, fitila ba ta da ƙarfi, babu kiɗa. Hayaniyar titi da muka baro taku ashirin a baya ta ɗauke ɗif. Jerin giyarsu gajere ne, akasari na gidajen sufayen Kirista da ake kira Trappist: Orval, Chimay, Rochefort, Westmalle. Yaya ya karɓi kofi baƙi, aka haɗo masa da ɗan biskit mai kirfa a gefen faranti, ba wanda ya kalle shi sau biyu. A ƙasar nan mashaya da shagon kofi abu ɗaya ne, tsohuwa ma takan shigo ta sha shayinta ta karanta jarida.

Ba nisa daga nan, a Rue de Tabora kusa da cocin Saint-Nicolas, wata doguwar siririyar hanya tana kai mutum À la Bécasse, wadda ke nan tun 1877. Su a butar yumɓu suke kawo tasu giyar, mai ruwan toka da zanen shuɗi, kana tsiyayawa da kanka. Lambic ce, wato giya mai tsami ta yankin Burusel, da aka sa wa zaƙi, mai sauƙin sha, kuma mutanen da ke teburin kusa da ni sun yi ta ƙara buta. Ni zaƙin ya yi mini yawa, amma abincin da na ci da ita har yau ina tunawa: faffaɗan yankan burodi da aka shafe da farin cuku mai laushi, aka barbaɗa albasa mai lawashi da wani jan tushe mai ɗan yaji da suke kira radis. Akwai kuma Toone a wani lungun, gidan wasan 'yar tsana ne mai asali tun 1830, ana wasa a sama da karin harshen 'yan Burusel, ana sha a ƙasa, 'yan tsanan da suka yi ritaya suna rataye a bango.

Waɗannan ukun ɓoyayyu ne ga ido kawai, duk wanda ya yi bincike kaɗan zai same su. Abin da ya sauya mini tafiyar baki ɗaya yana wata unguwar da masu yawon buɗe ido ba sa kwana, bayan tashar jirgin ƙasa ta Midi, a Anderlecht. Yaya ya san wajen ciki da bai, don a nan kusa Rue Heyvaert take, cibiyar cinikin tsofaffin motocin da ake lodawa zuwa Kwatano da sauran tashoshin ruwan Afirka ta Yamma, kuma wannan kasuwa ce ta fara kawo shi ƙasar. A hanya mun ji Hausa, mun ji Zabarmanci, mun ji Larabcin Maroko. Ya ajiye ni a Rue Gheude, gaban wata ƙofa mai kama da ta sito, ya ce shi zai je ya yi azahar ya gaisa da mutanensa.

Wurin Cantillon ne, masana'antar iyali da aka kafa a 1900. Da ka tura ƙofar wari ne ke fara tarbarka, na danshin katako da tsami da tsohuwar ƙura. Kayan aikin na zamanin kakanni ne, kuma da su ake aiki har yanzu. A shekarun da mutane suka juya wa giya mai tsami baya suka koma ta kwalba mai zaƙi, masana'antu irin wannan suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Jean-Pierre Van Roy, surukin gidan, ya mai da wurin gidan tarihi a 1978 don kuɗin masu ziyara ya riƙe sana'ar, kuma ya riƙe ta. Yau ɗansa Jean ne ke dafawa, mutane kuma daga Amurka da Japan suke zuwa su yi layi don kwalaben da a da ake rasa mai saye.

Ga yadda suke yin lambic ɗinsu. Wajen kashi biyu cikin uku tsiron sha'ir ne, sauran ɗanyar alkama. Ana dafawa na awoyi tare da furen hop, wanda shi ke sa wa giyar Turai ɗaci, sai dai su tsohon fure suke sawa, wanda ya shekara biyu ko uku a ajiye har ɗacinsa ya mutu, abin da ya rage kawai ƙarfinsa na hana ruɓewa. Daga nan a tura ruwan da zafinsa zuwa can saman bene, ƙarƙashin rufi. Na hau matakalar katakon na ga abin da idona: wani ƙaton faranti na jan ƙarfe, faɗinsa ya kusa cika ɗakin amma zurfinsa bai kai gwiwa ba, ga ƙofofin iska a bango ta kowane gefe. A nan ruwan ke kwana a buɗe, iskar dare tana ratsa shi. Ba sa zuba yis ko ƙwaya ɗaya. Abin da ke cikin iskar da katakon rufin da gangunan shi ke sauka ya kama aiki. Da safe a ɗura a tsofaffin gangunan da aka taɓa ajiye ruwan inabi a ciki, a bar shi shekara ɗaya, biyu, har uku.

Saboda haka ba sa dafawa sai da sanyi, daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Afrilu, don in dare ya yi ɗumi ƙwayoyin da ba a so su ke rinjaye. A 2015 sai da suka dakatar da aiki a farkon kakar saboda dararen sun ƙi yin sanyi. Saƙar gizo-gizo kuwa ta cika kusurwoyi, kuma ba a share ta: lokacin da ake zuba 'ya'yan ceri a ganga don yin nau'in da ake kira kriek, ƙananan ƙudaje kan yi dafifi, gizo-gizon ne ke maganinsu, tunda ba za a fesa maganin ƙwari a wurin da ake kiwon ƙwayoyin iska ba.

A ƙarshen zagayen ana ba ka ɗanɗano a wani ɗan fili mai murhu da kujerun da ba su dace da juna ba. Na farko lambic ce kai tsaye daga ganga, ba kumfa ko kaɗan. Ina kurɓa sai ga ni a bayan ɗakin kakata. Wannan tsamin da ke kama gefen harshe ya sa yawu ya tsinke, da ɗanɗanon hatsi a ƙarƙashinsa, na san shi tun ina yaro ana aike na in ɗauko ƙwarya. Ita ma jiƙa dawa take yi ta bar ta ta tsira, ta shanya, a niƙa, ta dafa, ta bar ruwan ya kwana ya yi tsami da kansa, ta sake dafawa, sannan ta juye a manyan tukwanen da ba ta yarda kowa ya wanke su da sabulu ba. Ba ta taɓa jin sunan wata ƙwayar halitta ba, amma ta san tukunyar da ke ba da mai kyau da wadda ke ɓata aiki.

Bambancin yana wajen lokaci. Burkutu ana shan sa yana kan tafasa da kansa, in ya ƙara kwana biyu ko uku ya zama abin zubarwa, don haka ba ya tafiya, ba ya shiga kwalba, ba ya samun suna a wajen unguwar da aka dafa shi. Su kuwa sun gano yadda za su sa tasu ta jira. Suna haɗa ta shekara ɗaya da ta shekara biyu da ta uku, su ɗura a kwalba mai kauri su toshe. Sabuwar tana da sauran zaƙin da tsohuwar za ta ci, sai kumfa ya taso a cikin kwalbar. Wannan haɗin shi ne gueuze, kuma yana iya shekara ashirin a ɗakin ƙasa yana ƙara kyau. A ganina wannan dabara ce ta raba matsayin sana'o'in biyu, ba tsabta ko wayewa ba, yadda wasu 'yan bokonmu ke ɗauka in sun toshe hanci a ƙofar mai burkutu. Wani abin lura ga mai saye: kwalbar da aka rubuta wa “oude” ko “vieille” ita ce ta asali da dokar Tarayyar Turai ke karewa, sauran da yawa an sa musu sukari.

Matar da ke karɓar kuɗi a wurin ce na tambaya inda ita take zuwa in ta tashi aiki. Wannan tambaya ta fi kowace taswira amfani a tafiyar nan, kuma na yi ta maimaita ta a duk inda na zauna. Ta ce in hau Saint-Gilles.

Saint-Gilles unguwa ce a kan tudu kudu da tsakiyar gari, tiram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, ke kai mutum cikin 'yan mintoci. 'Yan Fotugal da 'yan Sifen da 'yan Maroko da ɗalibai da masu zane duk a cakuɗe. Bayan babban ginin ƙaramar hukumar, a Rue de Savoie, Moeder Lambic ta asali take, ɗan ɗaki a kusurwa da teburan katako masu kauri. Suna da reshe babba a Place Fontainas da aka buɗe a 2009, mai famfuna da yawa, amma wannan tsohuwar ta fi kwanta mini. Masu wurin sun cire kayan manyan kamfanoni gaba ɗaya. Abin da ke famfo a rubuce yake a allo, kuma yana sauyawa.

Saurayin da ya zo teburina bai miƙo mini takarda ba. Ya tambaye ni me na saba sha, ina son ɗaci ko tsami, na ci abinci ko ban ci ba, kuma daren nawa yanzu ya fara ko ƙarewa yake. Na ce masa daga Cantillon nake kuma harshena ya gaji da tsami. Ya tafi ya dawo da Taras Boulba ta Brasserie de la Senne, fara mai ɗan hazo, ƙarfinta kashi 4.5 kacal, ɗacinta tsaf ba nauyi. Tare da ita ya ajiye ɗan kwano na tsiron sha'ir, wanda ake dafa giyar da shi, a matsayin abin taunawa. Na watsa a baki, yana ƙaras-ƙaras da ɗan zaƙi a ƙarshe. Masana'antar de la Senne Yvan De Baets da Bernard Leboucq ne suka kafa ta, suka fara dafawa a Molenbeek a 2010, a lokacin da birnin da a da yake cike da masu dafa giya ya koma ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Sunan kogin garin suka ɗauka, wanda aka rufe shi da gini tsakanin 1867 da 1871 saboda ƙazanta da kwalara, har yau kuma a ƙarƙashin manyan titunan tsakiyar birni tsohuwar hanyarsa take. Daga baya na lura cewa in na hango tambarin Zinnebir, wata giyar tasu, a tagar ƙaramar mashaya, da wuya in shiga in yi da-na-sani.

Na kalli yadda saurayin ke buɗe gueuze wa wasu mutum uku a teburin gefe. A kwance ya kawo kwalbar cikin ɗan kwando, ya zare toshiyar a hankali ba tare da ƙara ba, ya zuba wa ukun a jere bai miƙar da kwalbar ba ko sau ɗaya, don kada guggubin da ya kwanta a gefe ya tashi. Ɗan abin da ya rage a gindi ya tambaye su ko akwai mai so, wani tsoho ya miƙa gilashinsa.

Gangarowa kaɗan, a dandalin Parvis de Saint-Gilles, akwai Brasserie Verschueren, wadda ba ta da tarin nau'o'i amma tana da mutane. A bangon ciki akwai tsohon allon sakamakon ƙwallo da sunayen ƙungiyoyi, wasunsu sun daɗe da mutuwa. Nan magoya bayan Union Saint-Gilloise ke taruwa, ƙungiyar da ta ci gasar lig ta ƙasar a 1935 sannan ta jira shekara 90 kafin ta sake ci a 2025. Yaya ya same ni a nan bayan isha'i, ya sha miya da burodi, ya shiga musun ƙwallo da wani tsoho da Faransancinsa na Maraɗi, ni ina cin cuku da aka yanka ƙanana aka barbaɗa wa gishirin seleri.

A Marolles, tsohuwar unguwar talakawa da ke ƙarƙashin ƙaton ginin kotu, ana cin kasuwar gwanjo kowace safiya a Place du Jeu de Balle. A wani titi da ke gangarowa daga kasuwar na faɗa wata 'yar mashaya da ban ma riƙe sunanta ba, tebur bai fi shida ba, 'yan gwanjo suna ɗumama hannu. Na nemi Orval. Matar ta tambaye ni sabuwa ko tsohuwa. Ta ɗauko kwalba biyu ta nuna mini ranar ɗurawa a jikin takardar kowace: ɗaya ta 'yan makonni, ɗaya ta haura shekara. Sufayen suna sa wa giyar irin yis ɗin dajin da iska ke kawo wa lambic, shi kuma yana ci gaba da aiki a kwalba, sai sabuwar ta zo da ƙamshin fure da ɗaci, tsohuwar kuma ta bushe ta ɗauki wani ɗanɗano mai zurfi. Nau'in da ke wurin matar nan duka-duka bai kai ashirin ba, amma tana da ɗakin ƙasa, tana kuma da haƙurin ajiye kaya shekara guda kafin ta ci ribarsa. Ta kurkure gilashin Orval mai faɗin baki da ruwan sanyi, ta zuba, ta juya tambarin ya fuskance ni kafin ta ajiye.

Gargaɗi ɗaya ga wanda ya saba da lagar gida mai kashi biyar: ƙananan kwalaben nan mayaudara ne. Westmalle Tripel kashi 9.5 ce, Rochefort 10 ta haura 11, kuma ba sa nuna ƙarfinsu a baki. 'Yan gari kan ɗauki awa guda a kan gilashi ɗaya, da abin taɓawa a gefe. Waɗanda Yaya ke ɗauka ana rirriƙe da su, in ji shi, kusan kullum baƙi ne da suka sha irin waɗannan da saurin da suke shan ta ƙasarsu.

Matar Marolles ce ta aika ni wuri na ƙarshe, wanda ba a cikin birnin ma yake ba. Ranar Lahadi na hau bas mai zuwa Ninove na sauka a Eizeringen, ƙauye a yankin Pajottenland, ƙasar gonaki da ke yamma da Burusel inda yawancin masu yin lambic suke. A gaban cocin ƙauyen akwai In de Verzekering tegen de Grote Dorst, mashayar da ba ta buɗewa sai Lahadi da ranakun hutu, sai kuma in an yi jana'iza a cocin. Ɗaki ne na gidan ƙauye, da murhu da tayil ɗin da ƙafa ta cinye, amma littafin kwalabensu ya ƙunshi kusan duk mai haɗa gueuze a yankin, Boon da 3 Fonteinen da Girardin da De Cam da Tilquin, wasu da shekarun ɗurawa daban-daban. Manoma da suka fito daga coci suna tsaye a kanta, masu tseren keke da matsattsun kayansu sun cika tebur biyu, ga wasu Amurkawa suna rubuta abin da suka ɗanɗana a littafi. Kwalaben manya ne, mutum ɗaya ba ya gamawa, don haka wani manomi da ɗansa suka ce in kawo kuɗina mu haɗa mu raba ɗaya. Da na ba su labarin burkutu, uban ya yi ta tambaya: kwana nawa dawar ke yi kafin ta tsira, da wane irin itace ake dafawa, a ina ake ajiye tukwanen lokacin zafi. Ya ce shi ma uwarsa a ganga take sayen lambic ta ajiye a ɗakin ƙasa don masu aikin girbi. Wajen ƙarfe ɗaya suka duba agogo suka ce abincin rana na jiransu a gida, ɗan kuma ya rage mini hanya a motarsa zuwa tashar bas, don na Lahadi ba sa zuwa akai-akai.